Jawabi a Kan Kiwon Doki Cikin Gari

  

Doki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A kansa Katsinawa suka tsare Maraɗi, a kansa Gobirawa suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Amma tun da ambaliyar 1945 ta maido gari bisa tudu, filin gida yana ta raguwa. Yau mutum zai aiko kuɗi daga Kano ko Abijan a saya masa doki don hawan Salla, a kulle shi ɗakin kwano, a bar wa yaro. Kafin wata Sallar, haƙarƙari duk a waje.

Mu fara da bargo. Daga Disamba zuwa Janairu iskar hunturu takan yi tsanani da asuba, balle kusa da gulbi. Tsohon doki da ramamme suna son rufi da dare. Lafiyayye kuwa gashinsa ya ishe shi, in an kare masa iska da zana. Abin da ke ba mu tsoro shi ne rufa wa doki bargo yana jiƙe da zufa bayan sukuwa. A sauke sirdi, a zaga da shi a hankali har ya bushe tukuna. Hantsi ya yi, a cire, a kakkaɓe, a shanya. Bargon da ya kwana uku a baya, ƙazuwa da miki yake ɓoyewa. Buhun leda na taki kuwa, don Allah a bar shi wajen taki.

Ranar safe tana busar da muri, tana rage ƙuda da ruɓewar kofato. Ta bazara daban ce, gama a Afrilu zafi kan wuce digiri 40. A yi rumfa, a ba shi ruwa sau uku ko huɗu. Babban doki kan sha fiye da lita 30 a irin wannan yini.

Sai maganar da aka fi rainawa. Doki dabbar garke ce. Yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, kuma ba ya son kwanciya in hankalinsa bai kwanta ba. Wanda aka ɗaure shi kaɗai sai ka ga yana gaigayar turke, yana kaɗa kai, yana barin harawa. Wasu su ce iskoki ne. Kaɗaici ne, jama'a. In babu doki na biyu, jaki ko akuya ma sun yi. A kafa turke inda zai riƙa ganin mutanen gida, a kwance shi kullum ya taka.

Masu dokin da babu mai duba musu, su ga magatakarda bayan taro. Akwai 'yan'uwa a Jiratawa da suka yarda su riƙe, in za a riƙa aiko kuɗin dusa da kanwa.