AMSAR TAMBAYA: YAUSHE AKE SAUYA ASHANAR FATA?

Wasiƙarmu ta yau daga Kunci ta fito, daga wata baiwar Allah da ta ce a sakaya sunanta. Ta ce an sa mata ashanar tazarar haihuwa a dantse bayan ta yi arba'in, ga shi yaron har ya soma bin yayyensa gona, katin asibiti kuma ya ɓace. Shin har yanzu tana aiki?

To malama, ashanar nan iri-iri ce, kowace da wa'adinta. Mai sanda ɗaya, wato Implanon, shekara 3 ake rubuta mata a kati. Mai sanda biyu, Jadelle, shekara 5. Amma a lura, akwai wata mai sanda biyu, Levoplant, wadda ba ta kai Jadelle daɗewa ba. Saboda haka shafa hannu kawai ba zai gaya miki irin taki ba.

Lissafi daga ranar da aka sa yake farawa. Tunda kati ya ɓace, ki koma inda aka sa miki, su duba rajista. Ki kuma tuna, kafin shuka ne ko bayan girbi? Damina nawa aka yi tun daga nan?

In wa'adi ya wuce, ba ruɓewa take yi ba. Maganin cikinta ne ke raguwa a hankali, har ciki ya iya shiga ba shiri. In kina son ƙarin hutu, a zama ɗaya za a cire tsohuwar a sa sabuwa. In kuwa ke da maigida kun shirya yi wa yaron ƙane, ba sai wa'adi ya cika ba, kuma ana iya samun ciki ba da jimawa ba bayan cirewa.

Gargaɗi biyu. Kada a kai wa wanzami ko mai kemis ya tsaga, aikin ma'aikaciyar lafiya ne. Sannan wasu magungunan tarin fuka da na farfaɗiya suna rage mata ƙarfi, mai shan su ta faɗa a asibiti.

Ku kuma magidanta, yadda kuke adana takardar gona, haka za ku adana katin nan. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.