Matsalolin Manhajar Haɗa Faifan Ajiya: Lokacin Gyara Ne Ya Fi Haɗari



Da abin da na gani da idona zan fara. An taɓa kirana wani ofishi da uwar garkensu ta tsaya cak. Faifai huɗu ne a cikinta, an haɗa su da tsarin RAID 5. Da na duba rajistar na'urar, sai na tarar ɗaya ya mutu tun watanni da suka wuce. Fitilar gabansa tana ta ƙyaftawa, amma akwatin yana ɗakin da ba a shiga sai ranar shara. Manhajar ta ci gaba da aiki da faifai uku, ba ta sanar da kowa ba, domin ba a ba ta adireshin da za ta aika gargaɗi ba. Ranar da na biyu ya bi sahu, bayanan albashi da na ma'aikata suka tafi tare. Matashin da ke kula da wurin ya dafe kai yana cewa, "Yallaɓai, ai an ce mana RAID ba ya ɓata."

Wannan maganar tasa ce ta kawo ni gabanku.

A 1988 ne David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar da takardar da ta raɗa wa tsarin suna. A RAID 5 ana yayyanka bayanai a raba wa faifai, a ƙara da wani lissafi na cike gurbi, ta yadda in faifai ɗaya ya mutu za a iya dawo da abin da ke kansa daga sauran. Ɗaya fa, ba biyu ba. Yau manhaja ce ke yin wannan aiki a wurare da yawa: mdadm da Neil Brown ya fara a 2001 domin Linux, da ZFS da kamfanin Sun ya fitar a 2005, sai Btrfs.

Matsalar da ta fi shafarmu ita ce wadda masana ke kira ramin rubutu. Duk rubutu ɗaya a RAID 5 aiki biyu ne: a rubuta bayanin a wani faifai, a rubuta lissafinsa a wani. In aka ɗauke wuta tsakanin biyun, lissafi ya saɓa da bayani. Muddin faifan duka suna raye, manhaja za ta iya daidaitawa bayan an kunna. Amma in akwai wanda ya riga ya faɗi, to da gurɓataccen lissafi za a cike gurbinsa, a miƙo maka fayil mai kama da lafiyayye alhali cikinsa shirme ne. A ƙasashen da wuta ba ta yankewa, da wuya a gamu da wannan. Mu kuwa da ake ɗauke mana wuta sau da yawa a yini, a juya zuwa janareta, batirin UPS kuma ya daɗe da gajiya, kullum muna bakin ramin. Magani yana nan: tun daga Linux 4.4 ana iya ware wa mdadm faifai na musamman da zai fara rubuta komai a kai kafin ya taɓa sauran, ZFS kuma ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sabon wuri yake nema. Shi ko Btrfs, a 2016 an gano cewa aikin binciken da yake yi domin gyara yana iya rubuta lissafin da ba daidai ba, kuma takardun masu shi da kansu suna gargaɗi a kan dogaro da RAID 5 da 6 nasa. Ni dai ba zan ɗora bayanan mutane a kai ba.

Sai lokacin sake gini, wanda a ganina nan ne gizo ke saƙar. Ka cire mataccen faifai ka sa sabo, hankalinka ya kwanta, ba ka san yanzu haɗarin ya fara ba. Dole manhaja ta karanta kowane lungu na sauran faifan. Masu ƙera faifan kwamfutar gida kan rubuta cewa ana iya samun kuskuren karatu ɗaya a cikin kimanin terabait 12.5. Faifai huɗu masu terabait 4 kowanne, in ɗaya ya mutu, terabait 12 za a karanta. Gaskiya ne faifai da yawa sun fi abin da aka rubuta musu nagarta, amma tsofaffi ne, ga zafi, ga aiki ba hutu na sa'o'i masu yawa. Ƙari a kan haka, faifan gida yana iya shafe fiye da minti ɗaya yana kokawa da gurbi guda, alhali Linux daƙiƙa 30 yake jira kafin ya yanke ƙauna. Sai a kori faifai mai sauran amfani daga garke saboda jinkiri kawai. Faifan da aka ƙera domin RAID kan haƙura bayan daƙiƙa 7 su kai rahoto, sai dai sun fi tsada.

Ko sayen mai tsada bai raba mutum da bincike ba. A 2020 aka gano kamfanin Western Digital ya sa fasahar rubutu ta SMR a wasu faifan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 ba tare da bayyanawa ba, masu ZFS suka yi ta kukan sake gini yana ja ko yana wargajewa. A Nuwamban 2019 kuma kamfanin HPE ya yi gargaɗin cewa wasu faifansa na SSD za su mutu da zarar sun cika sa'o'i 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da sa'a 8, in ba a sabunta manhajar cikinsu ba. Faifan da aka kunna rana ɗaya, kusan tare za su mutu, kuma babu lissafin da zai ceci garken da ya faɗi gaba ɗaya.

Kada mu manta da hannunmu. Mutum ya firgita, ya buga umarnin ƙirƙirar sabon haɗi a inda ya kamata ya tattaro tsohon, ya shafe bayanin tsarin da kansa. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure ma, nan take RAID zai goge shi a ko'ina. Kwafin ajiya a wani gini daban, wanda aka gwada dawo da shi aka ga yana dawowa, shi ne maganin wannan.

Roƙona gare ku: in kun koma ofis, masu amfani da mdadm ku buɗe fayil ɗin /proc/mdstat. Kowane harafin U faifai ne mai rai. In kun ga ɗan layi a ƙasa a gurbin ɗayansu, wannan faifan ya faɗi. Ku sa adireshin gargaɗi, ku aika saƙon gwaji ku tabbatar ya iso, ku sa a riƙa binciken faifan duk wata, sannan ku gwada batirin UPS kafin a sake ɗauke wuta.