Zaɓen Darussa Kafin Shiga Difloma ta IB: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



 Kwamitin ilmi ne ya umurce ni da in yi bayani a kan wata takardar shaidar kammala sakandare da ake kira International Baccalaureate, ko IB a taƙaice, saboda 'ya'ya da jikokin wasu daga cikinmu sun fara shiga makarantun da ke koyar da ita, a Legas da Gana da ƙasashen Turai. Abin da nake so ku koma gida da shi guda ɗaya ne, wato a wannan tsari, darussan da yaro ya zaɓa yana ɗan shekara 16 su ne za su buɗe masa ƙofar jami'a ko su rufe ta, tun kafin ya zauna jarrabawa ko ɗaya.

Da farko, bari in faɗi asalin abin. An kafa hukumar IB a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan a shekarar 1968. Dalili kuwa shi ne, 'ya'yan jakadu da na ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya ba su zama wuri ɗaya, yau suna nan gobe suna can, ga shi kuma kowace ƙasa da irin jarrabawarta. Sai malamai suka ga ya kamata a sami takarda ɗaya wadda jami'o'in ƙasashe dabam-dabam za su amince da ita. Wani malamin Jami'ar Oxford mai suna Alec Peterson shi ne babban daraktanta na farko. Karatun na shekara biyu ne, ga yara 'yan shekara 16 zuwa 19. Malamanmu da yayyenmu da suka yi HSC kafin zuwan tsarin 6-3-3-4 za su gane matsayinsa, domin shi ma tsani ne tsakanin sakandare da jami'a. Bambancin shi ne, ɗan HSC darussa uku yake riƙewa ya ƙara da jarrabawar sanin yau da kullum, amma ɗan IB shida zai ɗauka.

Waɗannan darussa shida daga rukuni shida suke fitowa. Na ɗaya, harshen da yaro ya fi ƙwarewa a kai da adabinsa. Na biyu, wani harshen da yake koyo. Na uku, darussan zaman jama'a kamar tarihi da labarin ƙasa da tattalin arziki. Na huɗu, kimiyya. Na biyar, lissafi. Na shida, fasahar zane da kiɗa da wasan kwaikwayo, sai dai an yarda yaro ya bar wannan rukuni ya ƙara darasi daga sauran, alal misali kimiyya ta biyu. Kun ga ke nan babu zancen "ni ɗan sayans ne, ban san adabi ba", babu kuma gudun lissafi kamar yadda wasunmu suka yi a zamaninmu.

A cikin shidan nan, yaro zai ɗauki uku a babban mataki, mai awa 240 na koyarwa, uku kuma a matsakaicin mataki, mai awa 150. An yarda ya ɗauki huɗu a babban mataki, amma ba fiye da haka ba. Bayan wannan akwai wasu ayyuka uku na dole. Akwai doguwar maƙala ta bincike wadda ba za ta wuce kalma 4,000 ba, a kan batun da yaro ya zaɓa da kansa. Akwai darasin nazarin tushen sani, inda ake tambayar yaro yadda aka yi muka san abin da muke cewa mun sani, ya rubuta maƙala mai kalma 1,600 ya kuma baje wasu abubuwa uku ya yi sharhi a kansu. Sannan akwai ayyukan ƙirƙira da motsa jiki da hidimar jama'a na tsawon wata 18. Wannan na ƙarshe ba a ba shi maki, amma wanda bai kammala shi ba ba zai sami difloma ba, ko da ya cinye sauran duka.

To, yaya ake auna ƙoƙarin yaro? Kowane darasi ana ba shi maki daga 1 zuwa 7, wato shida sau bakwai, 42 ke nan. Doguwar maƙala da nazarin tushen sani a haɗe suna iya ƙara maki 3, jimla 45. Mafi ƙarancin makin samun difloma shi ne 24, amma a nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa, domin 24 ɗin tana da sharuɗɗa. Dole darussa uku na babban mataki su ba da maki 12 ko fiye, uku na matsakaicin mataki su ba da 9 ko fiye. Kada a sami 1 a kowane darasi, kada a sami 2 fiye da sau biyu, kada kuma maƙala ko nazarin tushen sani su faɗi a matsayin E. Saboda haka yaro na iya tara maki 27 ya rasa difloma, idan manyan darussansa uku 11 kawai suka ba shi. Haka kuma ba jarrabawar ƙarshe kaɗai ake dubawa ba. A yawancin darussa, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na maki yana fitowa ne daga aikin da yaro ya yi a makaranta, malaminsa ya duba, hukumar kuma ta sake tantancewa. Ana zana jarrabawar a watan Mayu ko Nuwamba, sakamakon ta Mayu yana fitowa a farkon Yuli. Wanda ya saba da kwana karatu ana saura sati biyu, wannan tsari zai ba shi kunya.

Yanzu na zo kan gundarin magana. Jami'o'i, musamman na Ingila, ba jimlar maki kaɗai suke kallo ba, suna kallon wane darasi aka yi a babban mataki. Jami'ar Oxford takan nemi maki 38 zuwa 40, tare da 6 ko 7 a manyan darussa. Mai son aikin likita, kusan ko'ina za a nemi kemistiri a babban mataki, sau da yawa tare da bayoloji. Mai son injiniya, lissafi da fizik. Daɗin daɗawa, tun shekarar 2019 lissafin IB ya rabu gida biyu, akwai mai zurfafa aljabara da hujjoji, akwai kuma mai karkata ga ƙididdiga da aiki da na'ura, kuma wasu sassan injiniya sun fi amincewa da na farkon.

Mu ɗauka ga yarinya mai son zama likita. Ta ga kemistiri da wuya, sai ta ajiye shi a matsakaicin mataki, ta ɗauki bayoloji da tattalin arziki da Turanci a sama, don ta tara maki. Bayan shekara biyu ta fito da 38, gida ya cika da murna. Da aka zo cike takardar jami'a sai a tarar yawancin makarantun likita ba za su ko duba ta ba. Kuɗin makaranta na shekara biyu ya tafi, ga kuma shekara guda ta gyara. Ba rashin ƙoƙari ya jawo haka ba, rashin tambaya ne a kan lokaci, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Shawarata ga iyaye ita ce a faro lissafi daga ƙarshe. A zauna da yaro a ji abin da yake son karantawa da ƙasar da ake tunani, a samo sharuɗɗan jami'o'i uku ko huɗu a rubuce, sannan a zaɓi manyan darussa. Idan yaro bai tsai da shawara ba, a ɗauki waɗanda ba su rufe ƙofa. Kada a tilasta masa huɗu a babban mataki don burga, jami'o'i uku suke nema, ƙarin kaya kuwa ko jaki yana durƙusar da shi. A tambayi makaranta tun kafin a biya kuɗi ko tana da malamin darasin da ake so, domin ba kowace makaranta ke koyar da kowane darasi ba. Sannan kada a yi wasa da takardar WAEC ko makamanciyarta. Hukumar JAMB tana karɓar IB don shiga jami'a kai tsaye, amma jami'o'inmu na gida suna neman kiredit biyar, har da Turanci.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ya faranta wa malamanmu na Hausa rai. Tsarin ya ba da dama yaro ya karanci adabin harshensa na gado a rukuni na ɗaya, a matsakaicin mataki, ko da makarantar ba ta da malamin harshen, muddin ta nemi izinin hukumar aka kuma amince. Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a waje su tambaya, kada yaro ya dawo da difloma ya kasa karanta wasiƙar kakarsa.

Daga ƙarshe, ga waɗanda ke cewa wannan karatun 'ya'yan masu hali ne, gaskiya ne yana da tsada ƙwarai. Amma akwai kwalejojin United World Colleges, waɗanda ta farkonsu aka buɗe a yankin Wales a shekarar 1962, suna koyar da IB, suna kuma ɗaukar yara masu hazaƙa ta hannun kwamitocin ƙasashe tare da tallafin kuɗi. Ina roƙon kwamitin ilmi da ya haɗa kai da firinsifal a riƙa sanar da 'yan ajin ƙarshe lokacin neman wannan dama, mu kuma da muka san hanya mu ba da lokacinmu wajen taya su cike takardu.