Laccar Illela: Wa Ke Zaɓen Masu Ɗaura Mana Walki?

Wannan ita ce laccar da aka yi a taron reshen Jam'iyyarmu na Illela ran Lahadi da la'asar, bayan kasuwa ta fara watsewa. Mun buga ta duka domin 'yan'uwa da ba su sami halarta ba.

Iyayenmu dattawa, muna gaishe ku. Dillalan kara, masu hatsi, masu albasa, mahauta, 'yan koli, direbobi da 'yan kamasho, da iyayenmu mata masu fura da nono, sannunku da kasuwa. Mun san kun gaji, wani ma bai ƙirga cinikinsa ba tukuna, saboda haka ba za mu tsare ku har magariba ba.

Yau zancen wasa muka zo da shi. Watakila wani ya ce, hatsi ya yi tsada, hanya ba lafiya, me ya kai Jam'iyya ga zancen wasa? To, ku ba mu hankalinku kaɗan, za ku ga inda muka dosa.

Kun san abin da muka sha gani. In kaka ta yi, a kan zagayo da takarda rumfa rumfa, a ce za a kai yaranmu su kara da na wani gari, ko kokawa ce, ko ƙwallo, ko sunukar nan da samari suka ƙware a kanta a bakin tasha. Kowa ya sa hannu a aljihu ya ba da abin da Allah ya hore masa. Daga nan sai mu ji shiru. Ran tafiya mota ta tsaya, a karanta sunaye, sai mu ga yaron da ya ka da kowa a dandali yana tsaye a gefe riƙe da walkinsa, ɗan wane kuwa, wanda ba wanda ya taɓa ganin ƙura a gwiwarsa, yana zaune a gidan gaba. Wanda aka ce shi ne mai horarwa, in ka bincika, surukin wane ne. In sun sha kaye sun komo, sai a ce ai yaran Illela ba su iya ba. Kuɗinmu ya tafi, sunan garinmu ya ɓaci, yaron kirki kuma zuciyarsa ta mutu. Wannan shi ne abin da ya tara mu.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Ga Birnin Ƙonni nan, da yawanku can kuke cin kasuwa, wasu ma can surukansu suke. Kun san yadda mutanen Nijar suka riƙi kokawa. Tun shekarar 1975 suka fara kokawar ƙasa, wadda ake ba gwaninta takobi. A Tawa aka yi ta farko, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, shi ya sa filin kokawa na Maraɗi yake amsa sunansa. Jihohinsu takwas ne, watau Agadas, Difa, Dosso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, su zama 80, kuma jihohin suna karɓar baƙuncin taron bi da bi.

Abin da muke so ku lura da shi, goman nan ba daga sama suke faɗowa ba. Tun daga ƙasa ake tankaɗe da rairaya, a kara a gunduma, a kara a jiha, a gaban jama'a da makaɗa. In an je babban fili kuwa, duk wanda ya faɗi ya fita daga neman takobi, ko ɗan waye. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin nan sau da yawa, har da wanda aka yi a Agadas a ƙarshen 2023, kuma kowane karo sai da ya shiga fili ya ka da maza kafin a miƙa masa. Ba mu ce mutanen Nijar mala'iku ba ne, ko'ina akwai son kai. Amma abin da aka yi a gaban dubban idanu, wuyar murɗawa gare shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

SIKELI BAI SAN ƊAN SARKI BA

Akwai kuma kokawar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ƙungiyar ECOWAS take shiryawa. An yi ta a Abuja cikin watan Maris na 2025. Senegal ta zo ta ɗaya a wasan ƙungiya, Nijeriya ta biyu. Nijar ba ta je ba, gama ta fita daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Ku da kuka ga an rufe iyakar nan daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 har Maris 2024, ba sai an gaya muku yadda faɗan manya kan sauka a kan talaka ba, ko ɗan kasuwa ne ko ɗan kokawa.

A wannan gasa an raba maza aji biyar bisa nauyi: kilo 66, kilo 76, kilo 86, kilo 100 da kilo 120. Kafin mutum ya shiga fili sai ya hau sikeli. To, 'yan kasuwa, wa ya fi ku sanin sikeli? Sikeli bai san ɗan sarki ba, bai san ɗan talaka ba, ba ya karanta wasiƙar kowa. Ƙasar da ta tura wanda bai cancanta ba a aji ɗaya, ta zubar da kashi ɗaya cikin biyar na rabonta tun ba a buga ganga ba. In an bar gwani a gida an ɗauki ɗan lele, abokin karawa aka yi wa kyauta.

YADDA TURAWA KE YI DA TEBURIN SUNUKA

Yanzu bari mu komo kan samarinmu masu sanda da tebur. Mafi yawan ƙananan teburan da kuke gani a garuruwanmu, waɗanda muke ce wa sunuka, Turawa pul suke kiran wasansu. Kada dattawa su raina shi, gama a ƙasashen waje mutane na ci da iyalinsu da shi. Akwai wata babbar gasa ta shekara shekara da aka fara a 1994, tsakanin Turai da Amurka, ana ce mata Kofin Mosconi, sunan wani tsohon gwanin Amurka, Willie Mosconi. Ƙwallaye tara ake jerawa masu lamba, dole ka fara taɓa mai ƙaramar lamba, wanda ya jefa ta tara a rami shi ya ci. Kowane gefe mutum biyar ne, wani wasan ɗaya da ɗaya, wani biyu da biyu, waɗanda suka riga kaiwa maki 11 su ne da kofi.

Yaya suke zaɓen biyar ɗin nan? A shekaru da dama ga yadda suka yi: mutum uku suna shiga da guminsu, watau ana tara makin da kowa ya samu a wasannin shekara, a buga shi kowa ya gani, waɗanda suka fi yawa su wuce. Sauran biyun kuwa shugaban ayari ne yake zaɓa da ganin damarsa. Kuma ko a can, kan waɗannan biyun ne gardama ta fi tashi. Wanda ya shiga da lissafi, ba mai ce masa uffan. Wanda aka ɗauko da hannu, shi ake tambaya, don me shi, don me ba wane ba?

ƘOFAR BAYA

Wannan ƙofa ta ganin dama, mu talakawan Arewa mun san ta tun ba yau ba. A zaɓen 1951 ba a bar mutane sun zaɓi wakilansu kai tsaye ba, hawa hawa aka yi, daga unguwa zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi. 'Yan NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta daga baya, sun yi rinjaye a matakan ƙasa a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e iko ta cusa nata mutane, kashi 10 cikin 100, a mataki na ƙarshe. Da aka kai can, waɗanda jama'a suka ƙi a ƙasa sai ga su sun shigo ta sama, NEPU ba ta sami kujera ko ɗaya daga Kano ba a majalisar Kaduna.

Kashi goma kawai, jama'a! Ƙofar ƙarama ce, amma raƙumi ya bi ta cikinta da kayansa. Shi ya sa muka ce zancen wasa ba wasa ba ne. Hannun da ya saba goge sunan yaron Kalmalo ko na Araba daga takardar 'yan kokawa, shi ne zai goge sunanka daga takardar taki, da ta rumfar kasuwa, da ta aikin gwamnati. Yaron da ya ga an yi masa haka yana ɗan shekara ashirin, me za mu gaya masa ran zaɓe in ya ce ƙuri'a ba ta da amfani?

Wani zai ce, to, a rufe ƙofar gaba ɗaya mana. A nan sai mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wasunmu daɗi ba. Lissafi kaɗai ba ya haɗa ayari. Akwai gwanin da ciwo ya kwantar ran gwaji. Akwai wanda shi kaɗai zaki ne, amma in an haɗa shi da wani sai faɗa. Akwai mai sanyin zuciya, wanda ihun baƙin gari ba ya razana shi. Mai horarwa na ƙwarai ya san waɗannan, kuma daidai ne a bar masa ɗan wuri. Abin da muka ƙi shi ne a bar ƙofar a buɗe cikin duhu, ba mai gadi, ba mai tambaya.

ZAƁEN MADUGU

Wannan ya kawo mu ga shi mai horarwa. Kakanninku fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, wa suke bi? Madugun da ya san hanya, ya san rijiyoyi, ya san inda ake biyan fito da inda 'yan fashi suke kwana. Ba wanda zai ɗora dukiyarsa a kan jaki ya bi mutum don kawai ɗan gidan wane ne.

Ku ji abin da Amurkawa suka yi a Kofin Mosconi. Turai ta ci su shekara takwas a jere, daga 2010 har 2017. Da abin ya ishe su, a 2017 aka ba wani mutumin Holan, Johan Ruijsink, jagorancin ayarin Amurka, shi kuwa shi ne ya sha kai Turai ga nasara a kansu. Shekarar farko ya sha kaye, 11 da 4. Ba a kore shi ba, aka bar shi ya ci gaba da aikinsa. A 2018 Amurka ta ci 11 da 9 a Landan, a 2019 ta sake ci 11 da 8 a Las Vegas. Darasi biyu ke nan. Na ɗaya, sun nemi wanda ya iya, ba su tambayi garinsu ba. Na biyu, sun ba shi lokaci, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mu fa? In tsohon ɗan kokawar da ya fi kowa sanin dabara talaka ne mai sayar da itace, shi muke so. In ma mutumin Ƙonni ne, me ya yi zafi? Harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, aurenmu ɗaya.

ABIN DA MUKE NEMA

Saboda haka reshen Jam'iyyarmu na Illela yana kira ga duk mai hannu a shirya wasa a ƙasar nan, daga unguwa har jiha, da ya karɓi waɗannan sharuɗɗa biyar.

Na ɗaya, a yi gwaji a fili, a yi shelarsa ran kasuwa tun da sauran mako biyu, domin na ƙauye ya ji kamar yadda na gari ya ji.

Na biyu, a rubuta sakamakon kowane wasa a manna a inda kowa zai gani, a kuma karanta da baki domin waɗanda ba su yi boko ba.

Na uku, cikin kowane mutum biyar, huɗu su shiga da sakamakon gwaji. Ɗaya kaɗai mai horarwa zai zaɓa, daga cikin waɗanda aka san su a fili, kuma ya tsaya gaban jama'a ya faɗi dalilinsa.

Na huɗu, 'yan wasa da tsofaffin gwanaye su ne za su zaɓi mai horarwa, a ba shi shekara biyu, sa'an nan a duba aikinsa. In ɗansa ko ƙanensa na cikin masu nema, ya janye daga hukunci a kansa.

Na biyar, duk kuɗin da aka tara a kasuwa a karanta lissafinsa bayan an komo: nawa aka samu, nawa aka kashe a mota da abinci, nawa ya shiga hannun yara.

Ku kuma, 'yan'uwa, ga naku aikin. Ba mu ce ku hana gudummawa ba, yaran nan namu ne. Amma in mai takarda ya tsaya a bakin rumfarka, ka gaishe shi da mutunci, ka tambaye shi abu uku: yaushe za a yi gwaji, a ina za a yi, wa ya zaɓi mai horarwa? In ya amsa, ka ba shi da hannu biyu. In ya ce ai an riga an gama a gidan wane, ka ce masa ya je gidan wane ya karɓo kuɗin mota. In rumfa ɗari suka faɗi haka rana ɗaya, wallahi mako mai zuwa za ku ji ana shelar gwaji.

Samari kuma, ku riƙe sana'arku, ku bar caca a bakin tebur, kada ku ba kowa hujjar cewa ku 'yan zaman banza ne. Wanda aka ka da a fili da gaskiya, ya ba abokinsa hannu, ya koma ya ƙara shiri.

Ga ladan nan yana shirin kira. Waɗanda za su koma Gidan Hamma da Gada da Gwadabawa, da baƙinmu na Ƙonni, Allah ya kai ku gida lafiya. Allah ya ba talaka sawaba.