Majalisa da kasafin kuɗi: inda ake yanke wa talaka hukunci



 An ce in yi magana a kan rawar da majalisar dokoki za ta iya takawa wajen yaƙi da talauci. Na san wani zai ce a ransa, wace majalisa kuma? Gaskiyarsa. Tun ranar 26 ga Yuli 2023 ba mu da majalisar da talakawa suka zaɓa. Wadda ke akwai yanzu naɗa mambobinta aka yi, kuma sunanta ya faɗi aikinta, shawara take bayarwa. Amma kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya tsayar da wa'adin shekara biyar, wanda za a iya sake dubawa. Ke nan ko ba jima ko ba daɗe za a koma rumfar zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ba mu tattauna irin majalisar da muke so tun yanzu ba, irin ta jiya za a sake kawo mana.

Magana ɗaya na zo da ita. Yaƙi da talauci a cikin kasafin kuɗin ƙasa ake yin sa, a can kuma ake fasa shi. Majalisa kuwa ita ce wurin da doka ta ba wakilin talaka ikon ya duba wannan kasafi, ya ce na yarda ko ban yarda ba.

Mu fara da yadda abin yake tafiya. A da, a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 2010, kowace shekara cikin watan Oktoba gwamnati na kawo wa majalisa dokar kasafin kuɗi. Dokar nan hannu biyu gare ta. Hannu ɗaya na karɓa: haraji, kuɗin duwan, kuɗin ma'adinai, bashi da tallafi. Ɗaya hannun na bayarwa: albashi, makarantu, likita, hanyoyi, tsaro, biyan bashi. Tsadar kwanon sukari a kasuwar Maraɗi, da ko akwai magani a likitar ƙauyenku, da ko ɗanki zai zauna a ajin siminti ko na zana, duk suna da layi a cikin wannan takarda. A wancan lokaci ƴan majalisa na da kwana 60 su karanta ta, su gyara, su kaɗa ƙuri'a. To me suka yi da wannan iko? Bari mu waiwaya.

A shekarar 2002 Nijar ta fito da tsarinta na farko na rage talauci, wanda aka sani da SRP. Sharaɗi ne na samun sassaucin bashi a shirin PPTE. Ku lura da wanda ake jira ya ce ya yi: hukumomin Bankin Duniya da na Asusun Ba da Lamuni, a Washinton. Amincewarsu ce ke buɗe bakin jaka, majalisar Yamai kuwa ko ta yi magana ko ta yi shiru, kuɗin za su zo. A 2004 aka kammala, aka yafe mana wani kaso na bashin. Da kuɗin da aka samu aka gina azuzuwa, da ƙananan gidajen likita, da rijiyoyi, da ƙananan madatsun ruwa. Aikin alheri ne, ba mai musu. Amma wane suna aka sa masa? Shiri na musamman na shugaban ƙasa. Kuɗin jama'a ne, bashin da aka ci da sunanmu ne aka yafe, sai ga shi an mayar da shi kamar kyautar mutum ɗaya. Bayan SRP an yi SDRP na 2008 zuwa 2012, an yi PDES na 2012, da na 2017, da na 2022. Ina tambaya, a cikin zauren nan wa ya taɓa jin depitensa ya dawo gida ya tara mutane ya ce ga abin da tsarin ya yi mana alkawari, ga abin da aka cika, ga wanda ba a cika ba?

Na biyu, shekarar 2005. Iyayenmu da ke nan sun fi mu sanin ta. Dokar kasafin kuɗin wannan shekara ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa, madara, sukari, ruwa da lantarki. Wannan fa bayan damina ta yi gardama, fari sun ci gonaki, rumbuna sun yi sauƙi a Maraɗi, Damagaram da Tawa. Majalisa ta kaɗa ƙuri'a, doka ta wuce. Wa ya tsayar da ita? Ƙawancen ƙungiyoyin farar hula masu yaƙi da tsadar rayuwa. A watan Maris aka yi jerin gwano, aka rufe kasuwanni da shaguna, aka kama jagorori irin su Nuhu Arzika da Musa Cangari. A watan Afrilu gwamnati ta ja da baya, ta cire harajin daga fulawa da madara, ta sassauta na ruwa da lantarki. Aikin da ya kamata a yi a zauren majalisa cikin sanyin fanka, sai da talaka ya yi shi a kan titi cikin rana. A dokar kasafin 2018 ma haka aka maimaita: majalisa ta amince, titi ya ƙi, aka sake kulle ƴan farar hula a watan Maris na 2018.

Na uku, don kada a ce ba mu faɗin alheri. A 2006 bincike ya gano an yi wasa da kuɗin ilimin firamare, abin da aka kira badaƙalar MEBA. Majalisa ta amince a gurfanar da tsoffin ministocin ilimi biyu. Ranar 31 ga Mayu 2007, ƴan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar yankan ƙauna, gwamnatin marigayi Hama Amadu ta faɗi. Akwai siyasa a ciki, kowa ya sani. Duk da haka ranar ta nuna cewa majalisa na da haƙora in ta ga dama ta yi cizo. Shekara biyu bayan haka, a watan Mayu na 2009, lokacin ta-zarce, aka rusa majalisar da sa hannun mutum ɗaya. Wannan ma darasi ne.

To me ya sa sau da yawa majalisa ke zama ƴar amshin shata? Dalili na farko, gwamnati ce ke da ƙwararru da alƙaluma. Ma'aikatar kuɗi na kwashe watanni tana shirya takarda mai ɗaruruwan shafuka da Faransancin masana, a miƙa wa depite wanda ba shi da ko mutum ɗaya da zai warware masa ita. Na biyu, doka ta ɗaure masa hannu: ba zai kawo gyaran da zai ƙara kashe kuɗi ko rage kuɗin shiga ba, sai ya nuna inda za a cike gurbin. Wanda bai san lissafin ba, ina zai nuna? Na uku, jam'iyya. Zaɓenmu na jeri ne, uwar jam'iyya ke rubuta sunaye, saboda haka depite ya fi tsoron shugaban jam'iyya a kan manomin da ya zaɓe shi.

Dalili na huɗu kuwa mu ne, ƴan uwa. Mu faɗa wa juna gaskiya. Me muke tambayar depite in ya zo gari? Ragon suna, kuɗin takardar magani, buhun shinkafa na azumi, jika biyar na mota. Mun mayar da shi ofishin agaji. Wanda ya fi rabo shi ne depiten kirki, ko da bai taɓa buɗe baki a majalisa ba. Shi kuma don ya samu abin rabon, dole ya zauna lafiya da minista mai ba da kwangila. Ta yaya zai titsiye wanda yake roƙo? Jika biyar ɗin da muka karɓa a ƙofar gidansa, da ita muka sayar da tambayar da za ta kawo magani likitar garinmu shekara biyar.

Ku dubi maganar magani kyauta. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta za a duba su, haihuwar fiɗa ma kyauta. Tsarin shi ne likita ta yi aikin, ta aika lissafi, gwamnati ta biya ta. Da biyan ya riƙa makara wata da watanni, sai ma'ajiyar magani ta bushe, uwa ta dawo da takarda a hannu ana ce mata ta je farmasi. A takarda kyauta ne, a aljihu ba kyauta ba. Wannan aikin majalisa ne tsantsa: nawa aka ware, nawa aka fitar, nawa ya isa likita, ina sauran?

Ku dubi azuzuwan zana. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara kusan 20 a wata makaranta a Yamai. A watan Nuwamba na wannan shekara ta kashe fiye da 20 a Maraɗi. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Mun yarda da ƙaddara, amma ajin zana ba daga sama ya faɗo ba. Kasafin kuɗi ne aka yi ta kaɗa wa ƙuri'a shekara bayan shekara ba tare da kuɗin gini isassu ba. A cikin waɗannan shekaru ne kuma binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a 2020 ya yi maganar miliyar 76 na sefa da suka salwanta a cinikin makamai. Ku ƙiyasta aji nawa ke cikin wannan kuɗi, da soja nawa aka bari ba kayan aiki.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema a rubuta, tun kafin a kafa majalisa mai zuwa.

Ɗaya, duk wani babban tsarin raya ƙasa sai ya bi ta majalisa, a yi muhawara a kansa a fili, a kaɗa masa ƙuri'a, kuma kowace shekara firaminista ya zo ya ba da bayanin inda aka kwana, jiha bayan jiha.

Biyu, majalisa ta mallaki ofishin ƙwararrunta na kasafin kuɗi, waɗanda ba sa karɓar umarni daga ma'aikatar kuɗi. Muna da matasa masu digiri a tattalin arziki da lissafi daga jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da yawansu suna zaune ba aiki.

Uku, a bi sawun kuɗi bayan ƙuri'a. Akwai dokar rufe lissafi, wadda ake kira loi de règlement da Faransanci, inda gwamnati ke nuna abin da ta kashe a zahiri. Ita ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma ba a cika jin labarinta ba. A wajabta kawo ta kan lokaci, kada a karɓi sabon kasafi sai an ga lissafin na baya. Rahoton kotun bin diddigin kuɗin gwamnati a karanta shi a zauren majalisa, minista ya amsa. Shugabancin kwamitin kuɗi kuma a ba ƴan adawa, don ba a ba kura ajiyar nama.

Huɗu, arzikin ƙasa. Kundin 2010 ya ce a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati, ya ce a zuba ribar a noma, kiwo, lafiya da ilimi, a kuma kafa asusu don ƴan baya. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 ga ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Waɗannan tanade-tanade kada su ɓace a sabon kundi. Yau da matatar SORAZ ke aiki tun 2011, ɗanyen man Agadem kuma ya fara fita ta bututu a 2024, muna bukatar majalisar da za ta tambayi lissafin kowace ganga.

Biyar, harshe. Kasafin kuɗi a taƙaita shi da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci, a karanta a rediyon karkara. Kafin kwamiti ya rufe aikinsa, ya saurari ƙungiyoyin manoma, makiyaya, mata masu sana'a, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kuma riƙe dokar kason mata, wadda a 2019 aka ɗaga ta zuwa kashi 25 cikin 100 na kujerun zaɓe, don mace ce ta fi kowa sanin nisan rijiya da layin likita.

Sauran namu ne, kuma ba sai mun jira zaɓe ba. Kowace ƙaramar hukuma na da nata kasafin kuɗi. Mu je ma'aikatar magajin gari cikin ladabi, mu biyar ko mu goma, mu nemi a nuna mana: nawa aka tara na harajin kasuwa bara, me aka yi da shi? Mu koyi karanta takardar, mu koya wa ƙannenmu a fada da majalisun shayi. Ranar da masu neman kujera suka dawo da atamfa da sabulu, mu tarbe su da tambaya uku: wane kwamiti za ka shiga, sau nawa a shekara za ka zo ka ba mu lissafi, kuma in jam'iyyarka ta kawo harajin da zai danne mu, ina ƙuri'arka za ta faɗa? Mu rubuta amsarsa, mu sa kwanan wata, mu ajiye.

Iyayena, na san a cikinku akwai waɗanda suka ga majalisu da yawa sun zo sun wuce tun taron ƙasa na 1991, har sun cire rai. Muna roƙonku ku ba mu labarin abin da kuka gani, mu kuma mu ɗauki aikin bin takardun. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu wakilai masu tsoronsa.  Yanzu fili naku ne, a yi tambaya, a yi gyara.