Kalmar OK: Daga Barkwancin Jarida Zuwa Fayil



Zancen da zan yi yau a kan haruffa biyu ne kacal, watau O da K, waɗanda ba a wuni ba a ji su ba, ko a aji, ko a ofis, ko a tashar mota.

Asalin kalmar nan wasa ne. A wajejen 1838, 'yan jaridar birnin Boston na Amurka sun shiga wani yayi na ɓata rubutun kalmomi da gangan, sa'an nan su taƙaita su don ban dariya. Ran 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga o.k. a madadin oll korrect, wanda shi ma karkataccen rubutu ne na all correct, ma'ana kome daidai. Sauran 'yan'uwanta duk sun mutu, ita kuwa siyasa ce ta raya ta. A zaɓen 1840, Shugaba Martin Van Buren, mutumin garin Kinderhook, ana yi masa laƙabi da Old Kinderhook, sai magoya bayansa suka mai da haruffan nan taken kamfe. Ya faɗi zaɓe, amma kalma ta ci. Daga nan ma'aikatan gidan waya suka riƙa buga ta don nuna saƙo ya iso. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia shi ya tono wannan tarihi a 1963 da 1964. Akwai masu danganta ta da harshen Wolof na Senegal, kuma na san da yawanmu za mu so haka ta kasance, to amma hujjar da ke rubuce tana wajen Read.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan ma'anarta. In ka tambayi marar lafiya ya ce OK, yana nufin da sauƙi. In malami ya duba jingarka ya ce OK, kada ka yi murna, nufinsa ba yabo ba fallasa. Mai lacca kan faɗe ta don ya rufe wani batu ya buɗe wani. Wani lokaci tana nufin na ji, wani lokaci na yarda, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tafiya mai nisa.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, gama muna da "to". Akwai "to" ta amincewa, akwai ta mamaki, akwai kuma wadda uba ke ja wa ɗansa, wadda ke nufin je ka ka gani. Murya da fuska su ke bambance su. Ita kuwa takarda ba ta da murya, ba ta da fuska.

Na koyi wannan da kuɗina. Farkon shigata aiki, na rubuta takardar neman izinin yin wata tafiya, tare da ƙiyasin kuɗin mota da na masauki. Fayil ya dawo da OK da sa hannun maigidana a gefe. Na ci bashi na tafi. Da na kai bauca wajen akanta, sai ya ce ba ya biyan kuɗin hukuma a kan haruffa biyu. Na koma wurin maigida, ya dube ni ya ce, "Ai cewa na yi na gani." Wata uku ina biyan bashin nan daga albashina, kuma har yau ba zan iya cewa ƙarya ya yi ba.

Saboda haka, ku da za ku riƙe fayil gobe, in kun amince ku rubuta kun amince, ku faɗi adadin kuɗin da kwanan wata. In kuwa babba ya mayar muku da OK tsura, ku koma cikin ladabi ku ce, "Ranka ya daɗe, an yarda ne ko an gani ne?"