Likitan Kare da Kyanwa Ma Namu Ne



Mu 'yan kasuwa, in an ce likitan dabbobi, hankalinmu kan shanu da raguna yake tafiya. To amma akwai wanda aikinsa kare ne da kyanwa, kuma da yawanmu dariya muke yi masa, wai mutum ya yi shekaru a jami'a ya ƙare a kan kare. Shi ya sa muka je muka wuni wurin ɗayansu a nan Ibadan, don mu gani da idonmu.

Da sassafe, kafin ya karɓi kowa, sai ya zaga dabbobin da suka kwana, ya duba wadda ta ci da wadda ta ƙi ci. Sannan a fara shigo da marasa lafiya. Kun san majinyacinsa ba ya magana. Mai dabba ake tambaya: yaushe ta fara, me ta ci? Sai a sa wa kare takunkumi, a auna zafinsa, wanda in lafiya yake ba ya wuce 38 zuwa 39, a buɗe baki a duba dasashi, a laluba ciki. Mun ga an cire kaska, an ba da maganin tsutsar ciki, an ɗinke karen da mota ta buge, an yi wa ɗan kwikwiyo mai amai da gudawar jini ƙarin ruwa. Hannun likitan nan duk tabon cizo ne da yagu.

Da yamma aka kawo wata kyanwa fuska a kumbure. Mai ita ya ga ba ta da lafiya ya ba ta Panadol. Ashe wannan magani guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka shinkafar ɓera da muke zubawa a shaguna, kyanwar da muka ajiye don ɓeran ita ma tana iya ci.

Amma babban abin da ya sa muka tsaya gabanku shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Alhali allurar rigakafi ce kawai ake yi wa kare ko kyanwa daga wata 3, a maimaita duk shekara. A ƙasar nan ma ana yin ta a Vom, kusa da Jos. Duk allurar da likitan nan ya soka wa kare, 'ya'yanmu masu wasa a lungu ya tsare.

Saboda haka muna roƙo. Wanda ke da karen gadi ko kyanwar shago ya kai su allura, ya adana katin. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe. Kada kuma a yi gaggawar kashe karen kamar yadda muka saba. In ana iya tsare shi, a kira likita ya sa masa ido kwana 10. Dabba amana ce, wanda ya ajiye ta shi za a tambaya.

Allah ya kare mu da zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.